Tsatsa da Masu Kankare Ta, Daga Maƙera Zuwa Gareji

Allah Maɗaukakin Sarki, da ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, har sura guda ta Alƙur'ani mai girma take ɗauke da sunansa, ya kuma jarrabe shi da tsatsa, wadda ba ta bukatar kome face laima da iska da sakacin mai kaya. Maƙeran ƙasar Hausa, waɗanda suka gaji narkar da tama kaka da kakanni, sun san sharrinta tun ƙafar mota ba ta taka ƙasar nan ba. A 1851, sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Kano, ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus ana haɗa su a birni. Takobi kuwa, da fartanya da mashi, maganinsu a wajen mutanen da bai wuce magagari da dutsen washi ba, da toka da lallausan yashi, sa'an nan a shafe su da mai domin a shiga tsakaninsu da iska.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, manyan motocin dakon gyaɗa suka biyo baya, sai wannan ilmi ya sami sabon gida a garejin kanikawa. Amma a haƙiƙa, shekaru da dama tsatsa ba ta zama annoba ga motar Arewa ba, saboda bushewar hunturi da ƙarancin laima, saɓanin motar bakin teku wadda iskar gishiri ke ci dare da rana. Ko da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ma'aikaci yakan sayi Fijo sabuwa dal, in wani abu ya lalace a musanya shi da sabo.

Al'amari ya sake bayan 1986, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari yawancin jama'a. Aka koma wa motocin hannu masu shigowa ta Kwatano, alhali da yawansu sun fito ne daga ƙasashen Turai inda ake barbaɗa gishiri a hanya domin narkar da ƙanƙara, suka iso jikinsu na sheƙi, ƙarƙashinsu kuwa ya riga ya ciwu. A nan ne kasuwanni irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Katako a Yamai suka ƙara ƙima, domin abin da ake jefarwa jiya ya zama abin nema.

Wanda ya tsaya ya kalli aikin da idon basira lalle zai girmama masu yinsa. Notin da ya cije ba a fara shi da ƙarfin dantse: sai yaron gareji ya jiƙa shi da kananzir ko man birki, ya bar shi ya kwana, in ya ƙi a gasa shi da wutar walda har ya buɗa, a ƙwanƙwasa shi a hankali, sa'an nan ya saki yana kuka. Faifan ƙarfe kuma a bi shi da buroshin waya, a bi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har jan garin ya rufe hannu, farin ƙarfe ya bayyana. Ƙananan kaya wasu kan tsoma su cikin ruwan tsamiya ko lemon tsami, gama tsami yana narkar da tsatsa. Wasu, don gaggawa, sukan zuba ruwan batir, wanda ke cin tsatsar ya ci ƙarfen tare, ni kuwa ban ga hikima a cikin haka ba. Kowace hanya aka bi, wajibi ne a wanke, a busar, a shafa jan fenti a ranar, domin ƙarfen da aka tsiraita yakan soma ja kafin gari ya waye.

Hikimar wannan wahala ita ce, tsatsa ba ta tsayawa a fata. Takan kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta tsattsage, ruwa ya sami mashiga, ta ci gaba da cin na ciki kamar gara a itace. Saboda haka mai lafta foti bisa tsatsa ya fesa fenti, bai gyara kome ba, algus ya yi, wanda shari'a ta haramta a ciniki. Kuma idan wurin da ya ɓoye shasi ne ko bututun birki, to, rayukan bayin Allah ya sa a caca.

Don haka, mai karatu, in za ka sayi tsohuwar mota, tafi da bakaniken da ka amince da amanarsa, ka riƙe maganaɗisu, domin ba ya kama wurin da foti ya yi kauri, kuma kada ka ji nauyin durƙusawa ka leƙa ƙarƙashinta kafin ka ƙirga kuɗinka.