Tarihin Sunaye da Laƙaban Mata a Harshen Ingilishi

Ingilishi ba ya raba dukkan sunaye zuwa namiji da tamace kamar Hausa, sai dai yana da ɗafa-ƙeya da dama da ake liƙa wa suna don a nuna mace. Cikin mafi tsufa akwai -estre ta tsohon Ingilishi, wadda aka riƙa kiran masaƙiya da mai toya burodi da ita. Burbushinta ya rage a sunayen dangi kamar Webster da Baxter, da kalmar spinster, wato mai kaɗi. Daga ƙarni na 17 takardun shari'a suka riƙa kiran macen da ba ta taɓa aure ba da wannan suna, sai a 2005 aka cire shi daga rajistar aure a Ingila da Wales.

Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, -ess ta shigo daga Faransanci tare da laƙaban fada irin su countess da duchess. Har yau countess ake kiran matar earl, domin wannan sarauta ba ta da takwara ta mata a harshen. Latin kuma ta ba lauyoyi -trix, kamar executrix, mace mai zartar da wasiyya.

Da tafiya ta yi nisa, darajar wasu sunayen ta zube. Governor na mulkin ƙasa, governess kuwa koyar da 'ya'yan masu hali take yi a gida. Mistress da ke nufin uwargida ta koma nufin farka. Daga gare ta Mrs da Miss suka fito, suka zama masu tona ko mace na da aure, alhali Mr ba ya tona komai.

A ƙarni na 20 aka ja daga. A 1906 jaridar Daily Mail ta laƙaba wa mata masu neman 'yancin zaɓe suffragette don raini, su kuwa mabiyan Emmeline Pankhurst suka rungumi sunan. Ms, laƙabin da bai dubi aure ba, an ba da shawararsa tun 1901 a wata jaridar Springfield ta Amurka, amma bai kankama ba sai da mujallar Ms. ta Gloria Steinem ta fito a 1972. New York Times ta karɓe shi a 1986. A 1975 Robin Lakoff ta wallafa littafin Language and Woman's Place, kuma a shekarar ce dokar hana wariyar jinsi ta Birtaniya ta ɗauki tallar aiki mai kalma kamar stewardess ko postman a matsayin alamar wariya. Sannu a hankali poetess da authoress suka kwanta dama.

Inda tsarin ya fi tsira shi ne sarauta da lambobin yabo: princess da baroness na nan, Oscar kuma na ware kyautar actress. Duk da haka, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta riƙe sarautar tsibirin Man da sunan maza, wato Lord of Mann, har rasuwarta a 2022.