Zomon da ke satar nonon shanu a ƙauyukan Ailan

1/ Jiya da dare, maimakon karatun jarrabawa, na ɓata cikin wani rumbun tarihi na ƙasar Ailan. Tsakanin 1937 da 1939 an sa 'yan firamare su rubuto abin da suka ji a bakin kakanninsu. Wani labari sai maimaituwa yake: zomo mai shan nonon saniya. Ku biyo ni 🧵

2/ Manomi ya fito da asubar 1 ga Mayu, ya tarar da zomo yana tsotson saniyarsa. Ya saka masa kare, kare ya cije shi a ƙafa. Ya bi sawun jini har ɗakin wata tsohuwa, ya iske ta da rauni a ƙafa. Shi ke nan, an gano mayya.

3/ Ba sabon labari ba ne fa. Gerald na Wales ya ambace shi tun wajen 1188.

4/ Me ya sa Mayu? Lokacin ne ake kora shanu makiyaya bayan yunwar hunturu. Ranar ana kiranta Bealtaine. A da har tsakanin wuta biyu ake bi da shanu don kariya, wani ƙamus na wajen shekara ta 900 ya faɗi haka. Wasu na ɗaura jan zare a wutsiyar saniya.

5/ Ranar ko garwashi maƙwabci ya zo roƙo, ba a bayarwa, wai zai tafi da albarkar man shanun gidan. In ka shigo ana kaɗa nono, dole ka karɓa ka kaɗa ko sau ɗaya, don a san ba da mugun nufi ka zo ba.

6/ Na fara da dariya, amma wallahi na daina. Man shanu kuɗi ne. Kasuwarsa ta birnin Cork ta fi kowace girma a duniya a ƙarni na 19, kuma ƙananan manoma da yawa da kuɗinsa suke biyan hayar gona. Wanda ya kasa biya, ana iya korarsa da iyalinsa.

7/ To ranar da man ya ƙi fita, saboda sanyi ko ƙazantar mazubi ko ramar saniya, wa za a zarga? Wadda ta fi kusa kuma ba ta da mai tsaya mata. A yawancin labaran tsohuwa ce, maƙwabciya, mai zaman kaɗaici a ɗan ɗakinta.