Doka da Umurni: Misalin Agadas, 2015 zuwa 2023

Bahaushe yakan ce “doka” ga abubuwa huɗu da Faransancin hukuma ya rarrabe: loi, ordonnance, décret da arrêté. Ta farko majalisar dokoki ke kaɗa mata ƙuri'a. Ta biyu daga ɓangaren zartaswa take fitowa amma da ƙarfin ta farko, ko dai da izinin majalisa, ko kuma a lokacin da babu majalisar. Sauran biyun na aiwatarwa ne. Wannan ƴar maƙala za ta duba biyun farko ta hanyar abin da ya faru a Agadas.

Hukuma ta daɗe tana sa hannu a harkar matafiya a garin. Barth, da ya zo a 1850, ya tarar da Sarkin Turawa na karɓar haraji kan kayan fatake. Wancan tsari kuwa kuɗi yake nema daga tafiya, bai hana ta ba.

Doka mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayu 2015 ta sauya wannan. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga mai safarar baƙin haure. Amma fiye da shekara guda motoci suka ci gaba da fita zuwa Dirku kowace Litinin da rakiyar soja. Sai a 2016, bayan taron Baleta na Nuwamba 2015 tsakanin Turai da Afirka, aka shiga kama direbobi da tsare motocinsu. Rubutun bai canza ba ko da harafi ɗaya. Umurnin da aka ba jami'an tsaro ne ya canza. A ganinmu nan ne ma'anar dokar take ga mutumin Agadas.

Akwai kuma sarƙaƙiya. Yawancin fasinjojin ƴan ƙasashen CEDEAO ne, waɗanda yarjejeniyar 1979 ta ba damar zirga-zirga, kuma Nijar tana cikin ƙungiyar a lokacin. Ana kama direba a cikin ƙasa, nesa da iyakar Libiya, kan ƙetarawar da bai kai ga yi ba. Da yawa sai suka kauce wa rijiyoyin da aka sani, suka bi hanyoyi mafi haɗari.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu majalisa. Ranar 25 ga Nuwamba 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan ordonnance da ta soke dokar, har ta shafe hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke a ƙarƙashinta tun daga 26 ga Mayu 2015. Wato takarda ɗaya ta warware aikin majalisa da na alƙalai tare. A shari'ance direban da aka ɗaure bai taɓa yin laifi ba, ko da yake shekarun da ya yi a gidan kaso ya riga ya yi su.