Masallacin Babban Gwani a kan teburina: ZARE

1/ Sati uku na yi ina yankan kwali don in haɗa ƙaramin samfurin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Sau biyu rufin yana ruftawa. A na ukun ne na gane waye Babban Gwani. Ku biyo ni.

2/ An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, da ake wa laƙabi da Babban Gwani. Kayan aikinsa: tubali, ƙasa da azara. Ba siminti, ba rodi.

3/ A shekarun 1970 aka yi sabon gini ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Sa'ar da muka yi, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana. Har kwafinsa aka gina a gidan tarihi na Jos.

4/ Da zanen nasa na fara. Na tayar da ginin a kwamfuta da Blender, sai manhajar Pepakura ta warware shi ya koma shimfiɗaɗɗun gutsattsari. In buga, in yanka, in naɗe, in manna. Ma'auni 1:100, wato kowace mita ta koma santimita ɗaya.

5/ Bango bai ba ni wahala ba. Tulluwa ce ta kusa sa ni kuka. Takarda gefe ɗaya kawai take lanƙwasuwa, ba ta yin ƙoƙo. Dole ka tsattsaga ta kamar ɓawon lemo, sannan ka haɗa.

6/ Kuskurena: na ɗauka bakan gizon da ke cikin ɗakin ado ne, sai na ce bari in manna su daga baya. Rufi ya zube. Ashe su ne ƙashin bayan ginin!

7/ Azara guda ba ta iya haye babban ɗaki. Sai magini ya riƙa ɗora ta gaɓa-gaɓa daga ginshiƙi, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana shafe ta da ƙasa, har hannuwa biyu su haɗu a sama. Da na fara da bakan, rufi ya zauna daram.

8/ Ni fa da kwamfuta da rula na faɗi sau biyu. Shi da ido da igiya ya yi, kuma mutane sun yi sallah a ƙarƙashinsa fiye da shekara ɗari.

9/ Abin da ke damuna: kowace damina wani tsohon soro ko zaure yana faɗuwa, ba wanda ya auna shi. In an auna, ana iya tayar da shi ko da a kwali ne. In ba a auna ba, sai labari.

10/ Akwai tsohon gini a unguwarku? Ku ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ku auna, ku tambayi dattawa wa ya gina. Ku ajiye min hoton a ƙasa, zan zaɓi na gaba.