Macizai Uku a Tambarin Whitby

Whitby ƙaramin gari ne na masunta a gaɓar teku, a arewa maso gabashin Ingila. A tambarinsa akwai macizai uku, kowanne a naɗe. Me ya kai maciji tambarin gari?

A shekara ta 657 wata baiwar Allah mai suna Hilda ta kafa gidan ibada a kan tudun garin, inda maza da mata suke nazarin Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashinta. Almara ta ce macizai sun addabi wurin, sai ta yi addu'a suka zama duwatsu. Gaskiyar ita ce, duwatsun nan ɓawon wasu halittun teku ne masu kama da katantanwa, da suka daskare tun zamanin dā. Daga baya har mutanen garin sukan sassaƙa musu kai, su sayar wa baƙi.

Amma akwai abin da tarihi ya tabbatar. A 664 aka yi babban taro a gidan Hilda kan ranar da za a riƙa yin Ista, domin masu bin al'adar Ayalan da masu bin ta Roma sun saɓa. Hilda tana ɓangaren Ayalan. Sarki Oswiu ya zaɓi ta Roma. Ba ta ɓalle ba. Ta ci gaba da hidima har rasuwarta a 680, kuma biyar daga cikin almajiran gidanta sun zama bishop.

'Yan'uwa matasa, macijin da Hilda ta taka da gaske shi ne rarrabuwa. Ranar da aka ƙi shawararka a taron zumunta, ka tuna da ita.