Sukur: Ganuwar Da Ke Bisa Duwatsun Mandara

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna jin labarin Sukur a aji, amma ba mu san nauyinsa ba sai ranar da muka baro Mubi, muka ratsa Michika, muka tsaya a gindin duwatsun Mandara cikin ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru.

Hanyar hawa ita ce darasinmu na farko. Shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu waɗanda kakannin mutanen wurin suka jera da hannu. Dama da hagu kuwa, an yanka jikin tsaunin an mai da shi gonaki hawa-hawa, kowace da katangar dutse mai tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. A nan ake noma dawa da wake. A ƙoli muka tarar da fadar Hidi, wato sarkin Sukur, kewaye da ganuwar dutse wadda aka ɗora ba siminti, ga rumbuna, ga ramukan da ake turke bijimai don kiwo.

Arzikin Sukur na dā ƙarfe ne. Mutanenta sukan tara baƙin yashi mai tama daga rafuka, su narka shi a matoya, su sayar wa fataken Barno da sauran maƙwabta. Tsaunin kuma ya zame musu garkuwa, domin dokin mahara bai da ta cewa a kan dutse.

To, amma zuwan bindiga ya sauya lissafi. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya sa an rubuta masa kundin al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. A ciki ya lissafa hare-haren da dakarunsa suka kai Sukur da bayin da suka kamo, tamkar mai ƙidayar hatsi. Wannan tarihi ne mai ɗaci, kuma bai kamata mu ɗalibai mu kau da kai daga gare shi ba.

A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Nijeriya. Wannan daraja ba ta hana 'yan Boko Haram hawa tsaunin a 2014 su ƙona gidaje da rumbuna ba. Duk da haka mutane suka dawo, suka sake yin jinka, suka gyara katangun gonakinsu.

Da la'asar muka gangaro muna duban filayen da mahara suka riƙa ɓullowa ta cikinsu. Ko shakka babu, dutse kaɗai bai tsare Sukur ba. Abin da ya tsare ta shi ne jama'ar da, duk sa'ad da aka rushe, sukan sunkuya su ɗauki dutsen su mayar da shi mazauninsa.