Mai zane ya sayar sau ɗaya, dillalai su yi ta ci

Jama'a, duk lokacin da na ji an yi gwanjon zane a kan miliyoyi, sai in ce: nawa ya shiga aljihun wanda ya zana?

Tsohon ciwo ne. Millet, Bafaranshe, ya sayar da zanensa Angelus faran 1,000. A 1889, bayan mutuwarsa, aka yi gwanjonsa faran 553,000, iyalinsa ko sisi ba su gani ba. Irin wannan ne ya sa Faransa ta kafa doka a 1920: in an sake sayar da zane, a cire wa mai zanen ko magadansa kaso.

Amurka fa? A 1973, a gaban idon Rauschenberg aka sayar da aikinsa dala 85,000, alhali dala 900 aka saya a hannunsa. Wallahi har yau tarayyar Amurka ba ta da irin wannan doka, kuma can ne kasuwar ta fi girma.